Yaushe Kora Take Kama Mutum? Tarihin Sallamar Ma'aikaci a Ƙasar Fakku

Duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashin wani ya san akwai ranar shiga aiki, akwai kuma ranar fita. Ranar shiga ba a cika gardama a kanta ba, domin kowa murna yake yi. Ranar fita ita ce ke ɓata zumunci, ita ce ke kai mutane gaban alƙali. Shin aiki ya ƙare ne ranar da maigida ya yanke shawara a ransa, ko ranar da akawu ya buga takarda, ko ranar da takardar ta shiga hannun mai ita, ko kuwa sai ranar da aka biya shi haƙƙinsa? Tsakanin waɗannan ranaku akwai albashin watanni, akwai garatuti, wani lokaci har da fanshon da mutum zai ci sauran rayuwarsa.

Ni ɗan Fakku ne, a ƙasar Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, kuma a aikin akawu na yi furfura. Takardun sallama da yawa sun bi ta hannuna a wurare dabam-dabam. Abin da na gani a ofis da abin da na ji daga bakin kakana su suka sa nake ganin mutanenmu na da sun riƙe wannan tambaya da kyau fiye da yadda muke riƙe ta yau, ko da yake ba su da tafireta, ba su da fayil.

A ƙauyukanmu, daga Fakku zuwa Sangi da Ungushi da Girkau da Kuchi, noma shi ne uban ayyuka, kuma kowane irin ɗaukar aiki da ƙarshensa ake ƙulla shi. Ɗan ƙodago na wuni guda yakan shiga gona da sassafe, a kawo masa fura in rana ta take, in lokacin tashi ya yi ya saɓa hauyarsa a ba shi ladarsa. Ba ya bukatar wani ya gaya masa aiki ya ƙare. Mai jinga kuma ana nuna masa gona, a ce daga gindin tsamiyar can zuwa kan iyaka, a yi ciniki a shirya. Ranar da ya kai kunya ta ƙarshe ran nan aikinsa ya ƙare, ko kwana biyu ya ɗauka ko goma. Wanda sha'aninsa ya fi nauyi shi ne barema na damina, wanda ke baro garinsu ya zo ya sauka a zauren mai gandu, ya ci tuwon gidan, a yanka masa 'yar gayauna ko a yi masa alkawarin dammuna kaza in an yi girbi. Wa'adinsa daga shuka ne har dami ya shiga rumbu.

Kakana ya sha ba mu labarin wata shari'a da aka yi yana zaune cikin dattawa a ƙofar hakimi. An gama noman fari, ba a shiga maimai ba, sai wani mai gandu ya yi cacar baki da baremansa, ya ce ya tattara nasa ya nasa ya bar masa gida. Barema bai yi musu ba, ya nufi fada. Da aka kira mai gandu, hakimi bai tambaye shi abin da ya haɗa su ba tukuna. Cewa ya yi: "Da kunka yi magana da shi, har yaushe kunka ce?" Mai gandu ya ce, "Har kaka, ranka ya daɗe." Hakimi ya ce, "To, kaka ta yi?" Aka yi shiru. Hukuncin da aka yanke shi ne ko dai ya bar yaron ya ƙarasa damina a gandunsa, ko kuwa in ba ya son ganinsa, to dammunan da aka ambata suna nan a wuyansa ranar girbi, domin kowane gida ya riga ya ɗauki mai taimakonsa, babu inda barema zai sami wani gandu a tsakiyar damina. Hakimi ya ƙara da cewa in sata yaron ya yi, a kawo shaida a sallame shi a ranar, ba ko zangarniya. Ba a kawo ba.

Haka abin yake ga makiyayin da aka ba amanar shanu. Al'adar da aka fi sani ita ce maraƙi guda bayan kowane wata shida. In mai shanu ya karɓe garkensa kafin lokaci ba tare da laifi ba, dattawa sukan zauna su ƙiyasta rabon watannin da aka yi. Yaran fatake kuma, irin waɗanda ke bin ayari ta Jega a zamanin da take babbar kasuwa a hanyar goron Gwanja, kakana ya ce ba a sallamar yaro a zango. Ko me ya yi, madugu zai sa a riƙe shi har ayari ya dawo gida, sannan a yi ta ta ƙare a gaban iyayensa. Wanda kuwa ya yi barantaka lafiya shekara da shekaru, ranar sallamarsa rana ce ta raba goro: ubangida ya tara mutane, ya ƙirga masa jari, wani lokaci har ya yi masa aure. Magana da haƙƙi tare suke fita, baki da baki, a gaban jama'a.

Wannan ba dabarar ƙauye ba ce kawai. Ƙasar Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ƙasa ce ta malamai, kuma duk almajirin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala ya karanta babin ijara. Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, ya bayyana a cikinta cewa sharaɗin ijara shi ne a yanke wa'adi kuma a ambaci lada. A mazhabar Malikiyya ijara ƙulli ne mai ɗaurewa: da zarar an ƙulla, ɗaya ba shi da ikon warwarewa shi kaɗai kafin wa'adi. Malaman fiƙihu suka ce wanda aka ɗauka aiki na wani lokaci, in ya miƙa kansa ga aikin sai maigida ya ƙi sa shi, ladarsa ta wajaba. Risala ta kai ga cewa ko dabbobin da aka ba makiyayi sun mutu, ijarar ba ta warware ba, sai mai dabbobi ya kawo wasu. In kuwa ma'aikacin ne ya rasu, abin da ya rage na wa'adi ya faɗi. Suka bambanta wannan da ji'ala, irin ta haƙa rijiya ko nemo raƙumin da ya ɓata, inda ba a yanke lokaci kuma ba lada sai aiki ya kammala. Ko a nan ma, in ma'aikaci ya riga ya fara, mai aikin ba ya janyewa. Alƙalan daular Sakkwato da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim suke hukunci, kuma abin da hakimin kakana ya yanke bai kauce wa waɗannan littattafai ba.

Ba zan ce zamanin da duka adalci ne ba. Akwai bayi a gandaye, kuma bawa ba shi da ranar fita sai in ya yi murgu ya tara abin fansar kansa, ko ubangijinsa ya 'yanta shi. Akwai kuma bara mara gata wanda aka kora da dare ba wanda ya ji. Amma ƙa'idar a bayyane take, kowa ya san ta, kuma wanda ya karya ta ya san ya karya.

Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Suka zo da sanarwar cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ko da yake sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Suka kuma zo da wani sabon abu, wato aikin lebura na kuɗi. Dokar ubangida da bara da suka kafa wa Nijeriya a 1917 tana cikin jerin dokokin da suka baza a ƙasashen da suka mallaka, waɗanda ke ɗaukar gudun ma'aikaci daga aiki a matsayin laifin da ake hukunta mutum a kansa. Abin lura shi ne a can Ingila tun 1875 suka daina ɗaure ma'aikaci don ya bar aiki. Lebura a bakin hanya kuwa, ko a layin dogon da ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sallamarsa ba ta da wani biki. Helima ne ke kiran suna da safe. Wanda bai ji sunansa ba ya san ta ƙare. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila, aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos bisa tilas, inda ba mai maganar wa'adi sai abin da gwamnati ta yanke.

Duk da haka, yawancin mutanenmu da ke fita neman kuɗi su ne ke riƙe da ranar fitarsu. Masu cin rani ke nan. A ranin 1952 zuwa 1953 an yi ƙidayar masu fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato, wadda wani Bature masanin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarinta, aka ƙirga sama da mutum 200,000, wasu sun nufi ƙasar Yarabawa, wasu Kumasi da gonakin koko. Mai cin rani ba ya jiran a sallame shi. Ranar da labari ya iso cewa hadari ya fara haɗuwa a gida, ran nan yake karɓar abin da ya tara ya kama hanya, kuma wanda ya ɗauke shi ya san da haka tun farko.

Inda matsalar rana ta fara shigo mana sosai shi ne aikin En'e. Da aka kafa baitulmali aka mayar da masu sarauta da malaman haraji da 'yan doka da malaman daji masu albashin wata, sai ya zama wanda ke yanke hukuncin korarka ba ya ganinka. A Sakkwato ake zama a yanke, wata rana dabam akawu ya rubuta, sannan takarda ta biyo masinja zuwa ga uban ƙasa, shi kuma ya aika a kira ka. Tambuwal tana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, saƙo na isa da wuri. Mu da ke can ciki, in damina ta yi nisa rafuka suka cika, takarda na iya kwana da yawa a hanya, mutum yana ta aiki bai san an riga an cire shi ba. Nan ne ranar hukunci da ranar rubutu da ranar isowa suka rabu, kuma har yau ba su sake haɗuwa ba.

Dokar ƙwadago ta 1945, wadda ta fito a shekarar babban yajin aikin da su Michael Imoudu suka ja, ta fara gyara wasu abubuwa. Amma wadda muke kanta yanzu ita ce ta 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon. Sashe na 11 na dokar ya kamata kowane mai ɗaukar aiki da kowane ma'aikaci ya haddace shi. Wanda bai wuce wata uku a aiki ba, notis ɗinsa kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako guda. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Daga shekara biyar zuwa sama, wata guda. Notis na mako guda ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta cikin lissafi, daga washegari ake fara ƙirgawa. Dole a biya dukkan albashi kafin wa'adin ya cika ko a ranar cikarsa. Ana iya ba mutum kuɗi a madadin notis, kuma an bar ƙofar kora nan take ga wanda ya yi babban laifi, daidai da abin da hakimi ya faɗa game da sata. Sashe na 7 kuma ya wajabta wa maigida ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Dokar ba ta rufe kowa ba: manyan jami'ai da ƙwararru da iyalan maigida suna waje, su takardar ɗaukar aikinsu ko dokokin aikin gwamnati ne ke magana a kansu.

Shekara guda kacal bayan wannan doka, gwamnati da kanta ta koya wa ƙasa wata hanya dabam. Janar Murtala Muhammed ya hau mulki ranar 29 ga Yuli, 1975, ya shiga share aikin gwamnati. Sama da ma'aikata 10,000 aka kora ko aka yi wa ritayar dole, har da Alƙalin Alƙalai na ƙasa, Taslim Elias. A rediyo ake karanta sunaye, kuma kalmar da ke biyo baya ita ce "nan take". Na san yadda mutanenmu ke ƙaunar Murtala, ni ma ina cikinsu, kuma ba shakka akwai ɓarayi a cikin waɗanda aka share. Amma akwai waɗanda suka tafi ba tuhuma, ba sauraro, suka ji a akwatin rediyo tare da maƙwabtansu. Tun daga lokacin ma'aikaci ya daina yarda cewa gobensa tana hannun doka, kuma ina ganin wani kaso na handamar da ta biyo baya daga wannan tsoro ta fito. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta fitar da dokar soja mai lamba 17, wadda ta ba hukuma ikon cire jami'i ta kuma hana kotu sauraron ƙararsa, aka mayar da farkon aikinta baya zuwa 31 ga Disamba, 1983. Sojoji sun koma bariki, amma halin ya zauna a ofisoshi. Shugaban ƙaramar hukuma, mai makaranta, mai gidan mai, kowa ya koyi cewa "nan take".

A tsakanin nan an yi ta sauya mana iyayen gida. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, a shekarar ce kuma aka kafa Jihar Sakkwato. Aka yanke Kebbi a 1991, aka yanke Zamfara a 1996, mu kuma Kebbe ta rabu da Tambuwal ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta. Kowace rabuwa da rabon ma'aikata take zuwa, kuma kowane rabo yana barin wasu a tsakiya, can an cire sunansu, nan ba a shigar ba.

Wani abu da na gani a wani wurin da na yi aiki, nesa da gida, shi ya fi tsaya mini a rai. An yi tantance ma'aikata don a kama na bogi, abin da ya dace a yi. Wani malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙauye mai wuyar shiga bai ji sanarwa ba sai bayan kwamiti ya tashi. Aka cire sunansa daga baucar albashi a farkon damina. Ba wanda ya gaya masa komai. Ya ɗauka jinkiri ne irin wanda aka saba, ya ci gaba da shiga aji, yana sa hannu a rajista, yana cin bashin hatsi. Sai da rani ya shiga takarda ta iske shi, tana cewa an sallame shi daga ranar da aka tsayar da albashin. Ya zo ya tsaya gaban teburina da takardar a hannu, ya ce, "Malam akawu, to watannin nan da na yi ina koyar da yaran mutane, wa na yi wa aiki?" Na zaunar da shi na gaya masa cewa doka tana bayansa. Ya saurara har na gama, ya yi godiya, ya ce shi ba shi da kuɗin lauya, ya bar wa Allah.

Doka kuwa tana bayansa da gaske. A 1986 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar wani ma'aikacin banki mai suna Obevudiri, ta ce ba a mayar da ranar kora baya, mutum yana da albashinsa har ranar da aka kore shi da gaske. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1995 a shari'ar Dubefon. A 1993, a ƙarar da Chukwumah ya kai kamfanin Shell, Kotun Ƙoli ta ce in za a ba mutum kuɗi a madadin notis, to a lokacin sallamar za a ba shi, ba a ce ya je ya dawo ba. A 2010, a shari'ar Longe, ta ce dakatarwa ba kora ba ce, wanda aka dakatar ma'aikaci ne har yanzu. Ga wanda dokar gwamnati ce ta kafa aikinsa kuwa, abin ya fi haka ƙarfi. Tun shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985 aka tsayar da cewa in ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, korar kamar ba a yi ta ba ce. Malamai 49 na Jami'ar Ilorin da aka kora a 2001, Kotun Ƙoli ta mayar da su aiki a 2009, ta ce a biya su albashin duk shekarun. Wasu daga cikinsu sun rasu kafin ranar.

Ƙasar da ta kawo mana aikin takarda ita ma ta sha fama da wannan tambaya. Wata ma'aikaciyar hukumar lafiya a garin Niyukasil na Ingila, Sandi Haywood, an aika mata takardar notis na mako 12 ta gidan waya ranar 20 ga Afrilu, 2011, tana hutu a Masar. Ta dawo ta karanta ranar 27 ga wata. In daga ranar karantawa aka ƙirga, wa'adin zai kai 20 ga Yuli, ranar da take cika shekara 50, ranar da fanshonta ke cika ba ragi. In an ƙirga daga kafin haka ko da kwana guda ne, ta yi asara. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya, alƙalai uku cikin biyar, ta ce in yarjejeniyar aiki ba ta faɗi wani abu dabam ba, notis yana fara aiki ne daga lokacin da ma'aikaci ya karanta, ko ya sami damar karantawa. Kafin nan, a 2012, kotun ta duba ƙarar Raphael Geys, wanda bankin Société Générale a Landan ya ce ya kora nan take ranar 29 ga Nuwamba, 2007, ya zuba masa kuɗi a asusu ranar 18 ga Disamba ba tare da bayani ba, sannan ya rubuta masa a farkon Janairu. Kotu ta ce aikinsa bai ƙare ba sai 6 ga Janairu, 2008, ranar da bayanin ya kai gare shi yadda yarjejeniyarsu ta tanada, kuma tsallaka sabuwar shekarar ya ƙara masa kuɗi masu yawa. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalinmu, amma lauyoyinmu suna kafa hujja da shi. Ni abin da na gani a ciki shi ne manyan alƙalai sun yi dogon zagaye sun iso inda dattawan Fakku suke tun da: magana ba ta zama sallama sai ta shiga kunnen wanda ake nufi.

Yau akwai kotu ta musamman don irin wannan. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa an kafa ta a 1976, amma gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a Maris na 2011 ne ya ɗaga ta ya ba ta ikon duk wata rigimar aiki, kuma tana da reshe a Sakkwato. Gyaran ya ba ta damar duba yadda ake yi a duniya, shi ya sa ta fara cewa bai isa a ba mutum notis kawai ba, a gaya masa dalili. Tana jingina da yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1982, wadda maƙwabtanmu na Nijar suka amince da ita tun 1985, mu kuwa har yanzu ba mu sa hannu ba.

Sai dai daga Fakku zuwa zauren wannan kotu tafiya ce mai nisa, ba a kan hanya kawai ba. Yawancin matasanmu da ke aiki yanzu ba su da ko guntuwar takarda: masu gadi a Legas da Abuja, yaran shago a Jega da Gummi, masu zuba mai, direbobin da ke biyan balas, 'yan matan da ke koyarwa a makarantun kuɗi. Tsohuwar kariya ta tafi, domin babu hakimin da zai kira mai gidan mai a birni ya tambaye shi har yaushe suka ce. Sabuwar kariya kuma ba ta iso ba, domin ba su san da sashe na 11 ba. Ana korar mutum da saƙon waya da tsakar dare, ko a cire shi daga zauren WhatsApp na ma'aikata, ko kawai ya ga wata ya ƙare waya ba ta yi ƙara ba. Mai makaranta yakan sallami malama ranar da aka ba da hutu don kada ya biya watan hutu, ya sake kiranta in an dawo. Wannan zalunci ne ko da an yi shi da murmushi, kuma mafi yawan masu yin sa sun karanta babin ijara ko sun ji an karanta a masallaci.

Hukuncina bayan duk shekarun nan shi ne kora ba ta kama mutum sai ta iske shi, a bayyane, da ranarta, da haƙƙinsa a hannu. Fiƙihu ya faɗi haka, al'adarmu ta tafi a kan haka, dokar 1974 da hukuncin kotuna sun tsaya a kan haka. Kai mai ɗaukar aiki, ko yaro ɗaya gare ka a shago, ka faɗa masa wa'adi tun ranar farko, in za ku rabu ka kira shi ka gaya masa a gaban mutum biyu, ka biya shi kafin ya fita. Kai kuma ma'aikaci, ka nemi a rubuta maka sharuɗɗa ko da a takardar littafin makaranta ne. In an miƙo maka takardar sallama, kada ka sa hannu sai ka rubuta kwanan watan da ka karɓa kusa da sunanka, ka ɗauki hotonta da waya, ka ajiye shaidar ranar ƙarshe da ka yi aiki. In albashi ya tsaya ba bayani, kada ka zauna jira har wata shida, ka rubuta ka tambaya, ka riƙe kwafi, domin ƙarar hukuma tana da ƙayyadadden lokaci kuma jinkiri na iya rufe maka ƙofa. Malamanmu na Fakku da Kebbe da Tambuwal kuma ina roƙonsu, in sun zo babin ciniki a karatun azumi, su tsaya a kan ijara su yi wa masu shaguna da masu makarantu bayaninta dalla-dalla.